Tukunyar Kirsimati da Rumbun Damina

Darasinmu na wannan wata a kan abinci yake. Kada wani ya ce ai wannan zancen mata ne a madafa, ko zancen malaman gona, ba na majami'a ba. Ku ɗauki Littafi Mai Tsarki ku buɗe Nehemiya sura 8, ku karanta daga aya 9 har ƙarshe, sa'an nan ku karanta Maimaitawar Shari'a 16:13-15. In a taron addu'a kuke, bari mutum ɗaya ya karanta da ƙarfi domin waɗanda ba su iya karatu ba.

Mutanen da muka karanta labarinsu sun komo daga bauta a Babila, sun gama gina garun Urushalima. Ran ɗaya ga wata na bakwai Ezra ya karanta musu shari'a, suka ga laifinsu, suka fashe da kuka. Amma shugabanninsu suka hana su. Aka ce su koma gida su ci mai maiƙo, su sha mai zaƙi, su kuma aika wa wanda bai tanadi kome ba da rabonsa. Saboda haka tun da fari bari mu yarda cewa cin daɗi ranar idi ba zunubi ba ne. Akwai masu wa'azi da in Disamba ya kama sai su yi ta faɗa a kan nama da sabon zane, har yaro ya ji kunyar murnarsa. Ni ba na cikinsu. Allah da ya halicci rago ya san yana da daɗi.

Abu na biyu shi ne wanda ba mu cika lura da shi ba. Wata na bakwai a ƙasar Isra'ila ƙarshen kaka ne. A tsakiyarsa ake Idin Bukkoki, kwana 7, kuma shari'a ta ce sai bayan an tattara abin da ke masussuka da wurin matse inabi za a yi shi. Watau idin yana bin bayan girbi, daga cikin abin da gona ta bayar ake cinsa. An kuma lissafta masu ci: ɗa da 'ya, bara da baranya, Balawe, baƙo, maraya da gwauruwa. Ba a ce mutum ya ci bashi ya yi idi ba, ba a kuma ce ya rufe ƙofa ya ci shi kaɗai ba.

Littafi Mai Tsarki bai faɗi ranar da aka haifi Almasihu ba. Masu bi na birnin Roma ne aka fara samun labarin suna kiyaye 25 ga Disamba, wajen shekara ta 336. Amma mu a ƙasar Hausa ranar ta faɗo mana daidai. Gero ya daɗe a rumbu, an roro wake, an yanke dawa, dabbobi sun ƙoshi da harawa. Ba wani lokaci a shekara da talaka yake da abin hannu kamar wannan.

Yadda muka tashi muka gani

Ina yaro, a ƙauyenmu ta kudancin Katsina, shirin Kirsimati tun da damina ake fara shi. Babanmu yakan ware ɗan akuya ɗaya, a ɗaure shi a turke, mu yara mu yi ta kawo masa ciyawa, da kaka a koma harawa da dusa. Shekarar da hali ya yi, magidanta sukan haɗa kuɗi su yi watanda, a yanka sa a kasa shi kashi-kashi. Kullum maƙwabcinmu Musulmi ake kira ya yi yankan, domin kowa a unguwa ya iya ci. Innarmu tana da 'yar gonar shinkafa a bakin fadama, ba ta fi a zagaye ta cikin minti biyar ba. Ita take turara ta, ta shanya, a surfe a turmi. Daga ciki ake waina da tuwo, a dama kunun zaƙi da gero, a yi miyar taushe da kabewar bayan gida. Abin da ake saye a kasuwa bai wuce gishiri da sukari da ɗan manja ba. Da an fito sujada, aikinmu ke nan ɗaukar kwanuka gida gida har yamma. In Sallah ta zo, kwanukan nan sukan komo mana cike.

Kada mai karatu ya ce tsoho yana yabon zamaninsa, gama ban tsufa ba tukuna, kuma na tuna da shekarun da ba a yanka ko kaza ba. Abin da nake so a gani shi ne, ran 26 ga wata babanmu ba ya bin kowa da ido, ba wanda yake binsa ko kwabo.

Haka sauran al'ummai suke. 'Yan'uwanmu na Habasha suna yin nasu idin ran 7 ga Janairu, bayan doguwar azumi, abincinsu kuwa miyar kaza ce da wata irin waina mai faɗi da ake yi da ƙanƙanen hatsin ƙasarsu. Mutanen kan dutsen Jos da na kudancin Kaduna suna da acca. Kowa abin da ƙasarsa ta ba shi yake ɗaukakawa ranar murna. Shinkafa ma ba baƙuwa ba ce gare mu, gama tun kafin zuwan Turawa ake nomanta a fadamun Sakkwato da Kabi. Ba da shinkafa nake faɗa ba. Da tunanin nan nake faɗa, wai in ba a ga buhu mai rubutun ƙasar waje a jingine a ɗaki ba, da katan na lemon kwalba, to, ba a yi Kirsimati ba.

Lissafin da ba ma so mu yi

Ga abin da ke faruwa a gidajen masu bi da yawa. Makon farko na Disamba maigida ya buɗe rumbu, ya ɗora buhuna a kan babur ya nufi kasuwa. Shi da dukan manoman ƙasar rana ɗaya suka fito da hatsi, saboda haka farashi yana ƙasa. Shinkafa da mai da atamfa kuwa kowa yana nema, farashinsu yana sama. Ya sayar da araha, ya saya da tsada. A shekarar 2024, bayan an cire tallafin man fetur a 2023 darajar naira kuma ta faɗi, buhun shinkafa mai kilo 50 ya haura naira 80,000 a kasuwanni da yawa. Duk da haka na ga waɗanda suka runtse ido suka saya, domin kada a raina su.

To, ɗan'uwa, zauna da matarka ku yi wannan lissafi kafin ka taɓa rumbu. Ita ce ta san tiya nawa gidan yake ci a yini, kai ba ka sani ba. Daga Kirsimati zuwa lokacin da sabon gero zai shigo, wajen 10 ga Satumba, kwana 260 ne ko kusa da haka. Gidan da yake cin tiya 2 a yini yana bukatar tiya 520. In buhu yana cin tiya 40, buhu 13 ke nan. Ba a sa iri ba, ba a sa zakka ba, ba a sa baƙo ko haihuwa ko rashin lafiya ko kuɗin makaranta na Janairu ba. Abin da ya ragu bayan an fid da waɗannan duka, shi ne na idi. In ya isa sa, a yanka sa. In zakara ya isa, a yanka zakara da godiya.

Wanda ya ƙi wannan lissafi da hunturu zai yi shi da marka, sa'ad da rumbu ya zama ɗakin ɓeraye. A lokacin ne za ka ga mai bi ya bar tasa gona cikin ciyawa ya tafi ƙwadago a ta wani domin ya samo tiya ɗaya. Gonarsa ba ta sami maimai a kan kari ba, amfani ya ragu, baɗi rumbun ya fi na bana sauƙi. Ko kuwa ya karɓi buhu ɗaya a hannun mai hali a kan zai mayar da biyu da kaka. Na san gidan da suka ci irin gyaɗarsu a bikin Sabuwar Shekara, da ruwa ya sauka suka tsaya suna kallon mutane suna shuka.

In kunya ce take damunka, dubi gidan da aka haifi Ubangiji a ciki. Shari'a ta ce macen da ta haihu ta kawo ɗan rago, in kuwa ba ta da hali ta kawo kurciyoyi biyu ko 'yan tattabarai biyu. Haka yake a Littafin Firistoci sura 12. Luka 2:24 ya nuna mana tsuntsayen ne Yusufu da Maryamu suka kai. Ba su ci bashin rago domin idon mutane ba, Allah kuwa ya karɓa.

Ƙasa ma tana da rabo

Rumbu ba ya cika sai gona ta ƙoshi, nan kuma muna da laifi. A Fitowa 23:10-11 an umarci Isra'ila su nomi ƙasa shekara 6, a ta bakwai su bar ta ta huta. Kakanninmu ma sukan bar saura. Yau mutane sun yi yawa, gonar da uba ɗaya ya noma 'ya'ya shida sun raba, ba mai iya barin tasa ko damina ɗaya. Ba dokar shekara bakwai nake ɗora muku ba, gama ba ƙarƙashin shari'ar Musa muke ba. Amma abin da dokar take koyarwa yana nan: ƙasa ta Allah ce, amana ce a hannunmu, ba a yi ta tatsarta ba a ba ta kome.

Tun wajen 1975, da aka kawo manyan ayyukan gona a Funtuwa da Gusau da Gombe, da sabon irin masara da takin zamani mai araha, masara ta mamaye gonakinmu. Ta yi mana amfani, ba na musu. Amma masara ba ta yi sai da taki, takin kuma ya bar hannun talaka, balle daga 2022 da yaƙin Rasha da Yukiren ya ƙara masa tsada. Wanda ya shuka masara zalla shekara goma a wuri ɗaya ya san sakamakon: ƙasa ta yi fari, wuta-wuta ta cika ta.

Iyayenmu ba su yi makarantar gona ba, amma dubi yadda suke shuka. Gero da dawa da wake a gona ɗaya, kuɓewa da yakuwa da riɗi a gefe, kabewa tana bin shinge. In ruwa ya ɗauke da wuri gero ya riga ya nuna, in ya daɗe dawa ta yi. Waken nan kuma ba don ƙosai kaɗai yake ba. Baɗi in ya fara fure, tumɓuke guda ɗaya ka duba saiwarsa, za ka ga 'yan ƙulle-ƙulle. Fasa ɗaya da farce, cikinsa ja-ja ne. A ciki akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, suna jawo wa ƙasa daga iska irin abincin nan da muke saye a buhun yuriya. Gyaɗa da gurjiya da waken suya duk haka suke. Wanda ya bi masara da su yana biyan ƙasa bashinta. Haka kuma wanda ya daina ƙone kara, ya tara kashin dabbobi da toka da sharar gida a rami, ya kai gona da bazara.

Sai zancen itatuwa, wanda na fi so in daɗe a kansa. Gawo itace ne mai ban mamaki: da damina yakan zubar da ganye ya bar wa hatsi rana, da rani ya yi ganye, dabbobi su taru a inuwarsa su ci 'ya'yansa su bar taki. Kowane manomi ya san geron gindin gawo ya fi na fili. Duk da haka an yi zamanin da ake ganin manomin kirki shi ne wanda ya share gonarsa ƙal, ba ko tsiro. A ƙasar Maraɗi haka aka yi, har bayan farin 1973 da 1974 iska ta riƙa binne shuka da rairayi. An dasa itatuwa da yawa, galibinsu suka mutu. Akwai wani ma'aikacin mishan na SIM, mutumin Ostareliya, sunansa Tony Rinaudo. A 1983 ya lura cewa 'yan tsire-tsiren nan da ake sassabewa kowace shekara ba ciyayi ba ne, kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu tana can ƙasa da zurfi. Sai ya fara koya wa manoma, maimakon a sare duka, a zaɓi rassa mafi ƙarfi, daga ɗaya zuwa biyar, a datse sauran, a tsare su daga dabbobi da wuta. Da fari dariya aka yi masa. Da yunwar 1984 ta zo, mutane suka gwada domin ana ba da abinci a kan aikin. Bayan yunwa wasu suka sare nasu, amma waɗanda suka bari suka ga itacen girki a kusa, da abincin dabbobi, da hatsi ya ƙaru, maƙwabta kuma suka kwaikwaya. Shi ake kira sassaben zamani. Masu bincike sun ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 suka komo a gonakin kudancin Nijar. Ba a sayi kome ba, wuƙa ce kawai da haƙuri. Kalgo da sabara da magarya da aduwa suna nan a gonarka kai ma, kana sare su kowace bazara.

A kan ajiya zan taƙaita, amma da gargaɗi. Kada mai bi ya zuba wa wake maganin ƙwari mai guba, irin su Sniper, ya kai kasuwa ko ya ba iyalinsa. A 2015 ƙasashen Turai suka hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda irin wannan magani. Abin da baƙi suka ƙi, shi muke dafa wa 'ya'yanmu. Akwai buhu mai riɓi uku da ake kira PICS, leda biyu a ciki, buhu a waje. In wake ya bushe sarai aka ɗaure kowane riɓi tam, ƙwarin sukan mutu don rashin iska. Jarka ko duro mai murfi mai kyau yana yin wannan aiki, in an cika shi har baki.

Ajiya da ɓoyo

Na san wani zai ce, Fasto, ba Ubangiji ya ce mu dubi tsuntsaye da ba su da rumbu ba? Ba ya kira mai arzikin nan da ya rushe rumbunansa ya gina manya wawa ba? Gaskiya ne. Amma ku karanta Luka 12:16-21 a hankali ku ga ko akwai wani mutum cikin shirin mai arzikin nan in ba kansa ba. Ba mata, ba ma'aikaci, ba maƙwabci. Yusufu ma ya gina rumbuna a Masar, ya tara kashi ɗaya cikin biyar na shekara 7, aka ceci ƙasashe da shi. Bambancin yana wurin wanda aka ajiye domin sa. Karin Magana 11:26 ya ce mai ɓoye hatsi la'anar jama'a yake jawo wa kansa. Akwai kuwa masu bi, har da dattawan ekklesiya, da suke sayen hatsin 'yan'uwa da arha a Disamba, su kulle sito, su sayar musu da shi ninki a Agusta. Wasu irinsu sun sha mamaki a 2025, da farashin hatsi ya faɗi maimakon ya hau.

Yanzu bari in faɗi nawa laifin. Shekarata ta biyu da fitowa daga makarantar Littafi Mai Tsarki, aka yi godiyar kaka a ekklesiyar da nake. Mutane suka kawo dammunan dawa da gero, da masara da wake, har gaban bagade ya cika. Ni kuwa raina yana kan lasifika da janareta, gama majami'ar da ke ƙauyen gaba ta riga ta saya. Wani dattijo ya ce a bar ko buhu biyar zuwa damina. Na amsa masa da aya, na rinjayi taron, aka yi gwanjon kome ran nan. Kirsimatin shekarar har bakin kasuwa ana jin waƙarmu. Cikin watan Agusta wata gwauruwa, wadda ita ma ta kawo tiyarta ran godiya, ta zo gidana da magariba. Ta daɗe tana gaisuwa kafin ta ce yaranta kwana biyu rama suke ci ba gari. Na ba ta abin da matata ta iya ɗebowa, bai kai tiya uku ba. Da ta fita na ga dattijon nan zaune a dakalin majami'a. Bai ce mini kome ba, har ya rasu bai taɓa tayar da zancen ba.

Maimaitawar Shari'a 14:28-29 ta ce kowace shekara ta uku a tara zakkar amfanin gona a cikin gari, domin Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa su zo su ci su ƙoshi. Watau jama'ar Allah suna da rumbu na tarayya. Tun daga shekarar nan muka gina namu a bayan majami'a. Kashi ɗaya cikin uku na hatsin godiya ba a sayarwa. Kwado biyu ne a ƙofar, mabuɗi ɗaya yana hannun dattijo, ɗaya yana hannun shugabar zumuntar mata, ni ba ni da ko ɗaya. Ba a buɗewa sai Yuli. Wanda ya rasa iri akan ranta masa, ya mayar da daidai abin da ya karɓa, ba ƙari. Gwauraye da marayu kyauta ake ba su. Ba kullum abin yake tafiya sumul ba. An yi shekarar da gara ta shiga, an yi wadda wasu suka ƙi biya har aka yi ɓacin rai. Amma ba a sake rufe shi ba.

Masu bukatar rabon nan sun ƙaru a zamaninmu. A Zamfara da Katsina da Kaduna da Filato da Barno akwai 'yan'uwa da 'yan bindiga suka raba da gonakinsu, wasu sun shuka ba su girba ba, wasu an ƙone musu rumbu suna gani. Suna zaune a garuruwanmu, a ɗakunan haya da kangaye, Kirista da Musulmi. Manoma ne, ba su saba roƙo ba, ba kuwa za su zo su faɗa muku ba. Kwanukanmu na Kirsimati sun saba zuwa gidajen da za su mayar mana da Sallah ko da Sabuwar Shekara. Luka 14:12-14 ya ce a kira waɗanda ba su da abin sākawa.

Saboda haka ina roƙon dattawan kowace ekklesiya su zauna da shugabannin zumuntar mata kafin Lahadi ta uku ga wata, su rubuta sunayen gidajen da ba za a ɗora tukunya ba, na cikin ekklesiya da na unguwa. A raba sunayen ga gidajen da suke da hali, a asirce, kada a karanta su a majami'a. Rabon kuma kada ya zama ƙanzo da ƙashi bayan an gama ci. A fara zuba nasu tun tukunya tana cike, a haɗa da tiya ɗaya ta ɗanyen hatsi, yara su kai kafin a tafi sujada. Wanda kuma yake da gonar da ta fi ƙarfinsa, ya tuna da baƙin nan tun yanzu, gama da watan Afrilu ake neman aron gona.